Koren Kafson da Ya Kwantar da Baba Iliya

Ni ce Saratu, ɗinki nake yi a Daura. Abin da zan faɗa ɗin nan, Baba da bakinsa ya ce in rubuta. Da ta ni ce da na ja bakina na yi shiru, don har yau in na tuna wasu wuraren ji nake kamar in ɗora hannu a ka in kurma ihu. Amma ya ce a sanar da mutane, musamman masu tsofaffi a ƙauye. Na gode wa Ubangiji da ya bar mana shi da rai, sai dai godiyar ba za ta hana ni faɗin wahalar da aka ba ni ba.

Mahaifina, Baba Iliya, manomi ne a wani ɗan ƙauye can bayan Sandamu. Mu Kirista gidajenmu kaɗan ne a garin, majami'armu ma ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. Shi ne dattijon ikilisiya, shi ne kuma mai ba da waƙa. Tun yana saurayi ya bar giya, ranar da ya karɓi Yesu, kuma ba ya gajiya da ba da labarin. Ko goro ba ya ci. Kowa da fara'a ya san shi, amma a 'yan shekarun nan abin ya ƙaru. Tsoho da furfurarsa ya wuni a gona yana waƙa har la'asar, ran Lahadi kuma ya yi ta tsalle a gaban jama'a, samari ma su gaji su bar shi. Mutane na cewa Ruhu ne ya cika shi. Mu 'ya'yansa muna ta hura hanci.

Ni ce 'yar fari, don haka akwai kunya tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son wani abu a wurina sai ya dubi bango ya ce, “A gaya wa mutanen Daura ana son ruwa.” Ku ƙiyasta jinyar mutumin da sai ta bango zai gaya maka inda ke masa ciwo.

Farkon damina ne, an gama shuka, Inna, wato mahaifiyata, ta bugo mini waya tana kuka, wai Baba ba lafiya. Aka sako shi a bayan a-kori-kura aka kawo mini. Hamma yake ta yi ba iyaka, hawaye da majina na zuba, zufa ta jiƙa rigarsa amma yana kiran a rufa masa bargo. Ga gudawa. Ƙafafunsa sun ƙi zama wuri ɗaya, sai shure-shure. Barci kuwa ya ƙaurace masa sam. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne faɗa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya wurgi Inna da kofi don kunu ya yi zafi.

Duk wannan kuma ana saura kaɗan Babbar Sallah, ɗinkin mutane ya cika mini ɗaki. Na ture atamfofi gefe na shimfiɗa masa katifa kusa da keken ɗinki.

Satin farko muka je kemis. Mai kemis bai ko ɗago kai sosai ba ya ce zazzaɓin sauro ne. Aka yi allurai, ba canji. Sati na biyu aka ce a auna jini, aka auna, aka ce taifot. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa a gida, aka rataya ledar a ƙusar da nake rataye almakashi. Akuyar Inna ta tafi kasuwa don kuɗin magani, ta biyun ma ta bi ta. Masu ɗinki na sallama a ƙofa, ni ina bayan gida da fo a hannu.

Sai ga masu ba da shawara. Kai, jama'a! Duk wanda ya shigo duba mara lafiya likita ne. Wanda bai ce basir ba ya ce ciwon shawara ne. Maƙwabciyata Hajiya, Allah ya saka mata, ta kawo zuma da tafarnuwa, ita dai nata bai cutar da kowa ba, har 'ya'yana take ɗauka su ci abinci a gidanta. Amma Gwaggo Tabita, ƙanwar Baba, da ta sauka daga Baure da ƙullin kayanta, tun daga zaure ta yanke hukunci.

“Jifa ne,” in ji ta. “Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. An ga gonarsa ta yi kyau.”

Na ce, “Gwaggo, gonar da ko tsiro bai gama fitowa ba?”

Ta ce, “Bakinki ke nan, shi ya sa ba a son magana da ke.”

Ta cika mini ɗaki da hayaƙin wasu saiwoyi har atamfofin mutane suka ɗauki wari. Wata amarya ta zo karɓar kayanta ta shinshina, ta dube ni, ta tafi ba sallama. Har yau ba ta dawo ba.

A sati na uku matan zumunta na majami'armu ta nan Daura suka ce za su zo addu'a. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, Baba ya raɗa wa Gwaggo cewa maganin gwiwarsa ne ya ƙare. Wani mai yawo da magani a kwando ne yake sayar masa ran kasuwa, kuma mutumin ya daina zuwa. Gwaggo ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗauki tsohuwar takardar maganin ta je tasha ta nuna, aka ba ta irinsa, wani koren kafso. Ta ba shi biyu da kunu kafin matan su iso.

Mata suka zo cikin zanensu na zumunta, da tulun kiɗa da kacau-kacau. Aka fara waƙa, aka shiga addu'a. Ba a daɗe ba sai ga Baba ya tashi zaune. Can ya miƙe. Ya karɓi waƙar daga bakin mai bayarwa ya shiga rawa a tsakar gida. Guɗa ta ko'ina! Matar Fasto na kuka tana ɗaga hannu sama. Ni ma, sakarai, har da yanka kaza. Na kira 'yan'uwa a waya ina cewa mun ga mu'ujiza da idonmu. Gwaggo na gefe tana murmushi, ita a ganinta ta yi abin kirki.

Kwana kaɗan muka yi cikin wannan murna. Ashe na tashar ya fi wanda ya saba sha ƙarfi, shi kuma yana ta ƙarawa don ya rama kwanakin da ya rasa. Wata safiya ina shara na ji tim. Na waiga na ga Baba a ƙasa ya sandare, ido ya juye, kumfa na fita a bakinsa, jikinsa na karkarwa. Inna ta zube tana kiran Yesu. Gwaggo ta rarumo cokali za ta cusa masa a baki, na fizge na jefar. Mijina, Malam Yohanna, ya tare adaidaita-sahu muka yi asibiti.

Ba zan ɓata ma'aikatan asibiti ba, sun karɓe shi da sauri. Amma bayan ya farfaɗo, layin da na bi Allah kaɗai ya sani. Layin kati daban, na biyan kuɗi daban, na awo daban. Ka kai gaba a ce maka ba nan ba ne, koma can. Ƙafata har ta kumbura.

Likitar da ta duba shi wata 'yar siririya ce, ba ta da yawan magana. Ta tambaye mu, “Wane magani yake sha a gida?”

Muka haɗa baki, “Ba ya shan komai.”

Inna ta ce, “Sai dai na gwiwa.” Ta kwance bakin zanenta ta fito da takardar koren kafson.

Likita ta juya takardar ta ce, “Tun yaushe?”

“Ya kai damina uku ko huɗu,” in ji Inna. “Da ɗaya yake sha. Yanzu ban san adadi ba.”

Likita ta ajiye biro. Ta ce, “Wannan tiramadol ce. Ita ce samari ke sha su bugu. Ba sauro ba ne ya kwantar da shi, ba taifot ba ne. Jikinsa ne ya saba da ita, da ya rasa ta ya yi bore. Faɗuwar nan kuma yawanta ne ya jawo.”

Gwaggo ta dafe ƙirji. “Haba likita! Dattijon ikilisiya ne fa. Ko goro ba ya ci.”

Ta ce, “Mama, ƙwaya ba ta san dattijo ba.”

Sannan ta yi mana kashedi da maganar da ta zauna mini a kai har yau: ba a yanke ta lokaci ɗaya, a hankali ake zare ta. Za a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan, mu riƙa kawo shi duk mako, kuma maganin ya zauna a hannun mutum ɗaya. Kowa ya juyo ya kalle ni.

Baba na kwance yana jin komai. Ya juya fuskarsa bango.

Ni na ɗauka mun gama da wuya tunda an gano ciwon. Ina! A nan ainihin jinyar ta fara. Jiki ya soma dawowa, gudawa ta tsaya, shure-shuren ya ragu, amma mutumin ciki ya kwanta. Ka ajiye masa tuwo, ka dawo ka tarar ya bushe. Baba da ko ruwa ba ya kurɓa sai ya yi godiya, ya daina addu'a ɗungurungum. Ran Lahadi mu shirya, ya ce a gaya wa mutanen Daura su tafi abinsu. Ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Likita ta ce in bai ci abinci ba, aikinta ba zai yi amfani ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na dafa dambu, na dafa farfesu, duk a banza. Gwaggo kuwa ta tattara ta koma Baure, wai na raina ta.

Fastonmu ya zo wata rana da hantsi. Ina kan keke a ɗakin, na rage taka shi don in ji.

Fasto ya ce, “Baba, ba da saninka ba ne. Magani aka sayar maka.”

Baba ya ce, “Kada ka wanke ni, Fasto. Da farko don gwiwa ne, gaskiya ne. Daga baya na lura ranar da na sha, addu'a ta fi yi mini daɗi, waƙa na zuwa da kanta. Sai na riƙa ajiye biyu musamman don safiyar Lahadi. Wannan da sanina ne.” Ya juyo ya dubi Fasto. “Yanzu ka gaya mini. Murnar nan da nake yi a gaban jama'a, yara na koyi da ni, ta Ubangiji ce ko ta mai kwando? In ta kafso ce, to me ya rage mini? Me zan tashi in ci abinci don shi?”

Na tsayar da keken gaba ɗaya. Ashe abin da ke cinsa ke nan, ni ina ta fama da farfesu.

Fasto ya ce, “Baba, ai kana waƙa tun kafin mai kwando ya san hanyar garinku.”

“Na manta yadda take,” in ji Baba. “Na duba ciki, wayam.”

Fasto ya ce, “To kada ka matsa wa kanka neman murna yanzu. Yesu bai ce sai mai murna zai zo wurinsa ba. Zo masa da gwiwarka da busasshiyar zuciyarka, haka nan yadda suke.”

Ni a raina na ce wannan wace irin amsa ce, mutum na mutuwa ana ce masa kada ya matsa. Amma Fasto bai daina zuwa ba. Ya zauna, ya karanta ɗan abin da zai karanta a Littafi Mai Tsarki, ya yi gajeriyar addu'a. Ya ce kuma ba zai tashi ba sai sun ci abinci kwano ɗaya. Baba ba ya iya barin baƙo ya ci shi kaɗai, dole ya sa hannu. Da haka aka samu loma ta fara shiga.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa da azahar na leƙa ɗaki ba Baba. Sandarsa ma babu. Na zaga unguwa kamar mahaukaciya, ɗan kwali a hannu. A tasha na same shi zaune a kan benci, takardar koren kafso a tafinsa, gurbi biyu babu komai. Duk layin da na bi, duk ɗinkin da na rasa, suka taso mini lokaci ɗaya. Na manta da wata kunya.

“Baba! Kai ne ko wani? Kashe ni kake son yi? In mutuwa kake so ka faɗa mini in daina wahalar da kaina!”

'Yan acaɓa suka juyo suna kallo. Tun da aka haife ni ban taɓa yi masa magana ido cikin ido haka ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Mutanen Daura su yi haƙuri. So nake in ƙara jin murnar nan sau ɗaya.”

“To ka ji ta?”

“Na ji daɗi,” in ji shi. “Amma na buɗe baki in ce na gode, na rasa wanda zan gode wa.”

Ya miƙo mini sauran. Na kama hannunsa muka taho, ina kuka ina masifa har gida. Da na gaya wa likita ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce yana faruwa, a koma baya taki ɗaya a ci gaba. Ni ce dai na ƙara wasu makonni a layi.

Gonarsa kuwa, da ba don Malam Sale ba da ciyawa ta cinye ta. Maƙwabcinsa ne na gona, Musulmi, tare suka taso. Shi ya kira gayya aka yi noman fari, aka yi maimai. Ya zo Daura dubiya da ƙwan zabi a ƙwarya. Suka gaisa, ina ta sa masa albarka. Sai ya sa hannu a aljihu ya ce, “Iliya, ga na gwiwa na taho maka da shi, na san samunsa ya yi wuya.” Koren kafso! A ɗakina! Saura kaɗan in faɗi daga kan kujera.

Kafin in buɗe baki Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce, “Sale, zauna in gaya maka abin da wannan ya yi mini.” Ya kwashe komai ya faɗa masa, har da na safiyar Lahadi. Malam Sale ya yi salati ya ce, “To ai rabin waɗanda suka yi maka gayya da shi suka yi noman.”

Tun daga ranar Baba ya kafe sai ya koma gida ya faɗa a gaban ikilisiya. Na ce sam. Mu da muke 'yan kaɗan, kowa na kallonmu, a ce dattijonmu ɗan ƙwaya ne? Wa zai auri ƙannena? Ya dubi bango ya ce a gaya wa mutanen Daura a gaban jama'a aka yi tsallen, a gaban jama'a za a faɗi gaskiyarsa. Na rantse ba zan je ba. Ranar na zuwa, ni ce a gaban mota.

Ya tsaya dogare da sanda, ba waƙa, ba tsalle. Ya ce, “Ban zo da shaidar warkewa ba. Har yanzu jikina na kiran abin nan, zuciyata kuma a bushe take. Amma Almasihu bai kore ni ba, ku ma ina roƙo kada ku kore ni.” Ya ajiye dattijantakarsa da kansa, ya koma bencin baya ya zauna. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da yamma sai ga magidanta suna zagayowa ta bayan gida ɗaya bayan ɗaya, Kirista da Musulmi, kowa na tambayata a hankali wace rana likitar nan take ganin mutane.

Don haka ku da kuke da tsofaffi a ƙauye, ku duba abin da ke ƙulle a bakin zanen iyayenku mata da aljihun iyayenku maza. Kada ku ce wane mai tsoron Allah ne. In kun samu, kada ku ƙwace ku zubar, ku kai shi asibiti da takardar maganin a hannu. Kuma in an gano, ba jiki kaɗai za ku yi jinya ba.

An zare masa maganin gaba ɗaya wajen ƙarshen damina. Murna dai shiru. Yana cin abinci, yana zuwa sujada, yana addu'a, amma kamar mai biyan haraji. Inna ta ce wani lokaci sai ya zauna ya yi ta kallon ƙasa. Ni har na haƙura, na ce tunda yana da rai ya isa.

Da kaka na je kai musu kayan sanyi da na ɗinka. Na sauka da safe, Inna ta ce yana bayan gida wajen rumbu. Tun kafin in zagaya na ji wata murya a shaƙe, tana hawa tana sauka, ba daɗin ji ko kaɗan. Na leƙa. Baba ne zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafafu, gwiwoyin nan sun kumbura sun yi suntum. Yana ɗaure damin gero a hankali, yana yi yana hutawa, yana waƙar yabo. Geron ma bai kai rabin na bara ba.

Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne ya koma wa kafson. Na tsaya a kansa na ce, “Baba, me ka sha?”

Ya yi dariya har da tari. “Kunu.”

“Gwiwar ta daina ciwo ne?”

“Ina! Kamar ana buga mini ƙusa.”

“To waƙar ta mece ce?”

Ya ajiye igiyar. Hawaye na bin furfurar gemunsa. Ya ce, “Ni ma ban kira ta ba. Ina ɗaure damin nan na ce na gode, sai na ji na san wanda nake gaya wa. Ciwon na nan, kafson babu, ga murnar kuma ta zo.” Ya share fuska da hannun riga. “Ba ta da tsalle, 'yar ƙarama ce. Amma wannan tawa ce, ba wanda ya sayar mini.”

Na zauna a ƙasa kusa da shi, na kama ɗaya bakin igiyar, muka ja.